Yadda Ake Duba Tamostat ɗin Hitar Ruwa Lokacin Binciken Wayarin Gida

A watan Nuwamba na 2006, a garin Taunton da ke kudu maso yammacin Ingila, wata jaririya 'yar wata goma tana kwance a ɗaki sai tafasasshen ruwa ya ɓarko daga saman silin ya zubo mata. Ta yi 'yan makonni tana jinya, rai ya yi halinsa. Gidan bai kama da wuta ba, lantarki bai ja kowa ba. Tamostat ɗin hitar da ke cikin tukunyar ruwan zafi, wato na'urar da ke kashe hitar in ruwa ya kai zafin da ake so, shi ne ya maƙale a kunne. Ruwa ya yi ta tafasa yana hawa ta bututu zuwa tankin roba na ruwan sanyi da ke ƙarƙashin rufi, har robar ta yi laushi ta saki abin da ke cikinta. Shekara huɗu kafin nan, a 2002, irin wannan haɗari ya yi ajalin wata mata a garin Penzance, shi ma a Ingila. A 2007 hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta Birtaniya, HSE, ta fitar da gargaɗi a kan tsofaffin hitocin nan.

Ni aikina wayarin, kuma mafi yawan abin da nake yi a nan Ingila shi ne binciken lantarkin gidajen haya, wanda ake rubuta rahotonsa da sunan EICR. Dokar 2020 ta wajabta wa masu ba da haya su sa a yi wannan bincike aƙalla sau ɗaya cikin shekara 5. Abin da ke damuna shi ne yadda nake tarar da rahoton wanda ya riga ni zuwa gida cike da lambobin awo masu kyau, amma da na taɓa murfin hita sai in ga ƙurar shekaru a kan notinsa. Ba a buɗe ba. An gwada waya har bakin makunni an juya.

Dalilin da ya sa wannan sakaci yake da haɗari abu ne guda, kuma in ka riƙe shi sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. Duk abubuwan kariyar da ke cikin akwatin rarraba wuta ba sa ganin wannan matsala. Bireka yana faɗuwa ne in wuta ta wuce ƙima. RCD yana faɗuwa ne in wuta tana zurarewa zuwa ƙasa. Hitar da tamostat ɗinta ya maƙale kuwa tana jan amp 13 ɗinta daidai wa daida, kamar kullum, ba ragi ba ƙari. A wurin bireka lafiya lau take. Mai bincike ne kaɗai zai gano, shi ma sai ya buɗe da hannunsa.

Abin da ke ƙarƙashin murfin

Hitar da ake magana a kai sandar ƙarfe ce da ake ɗaurawa a jikin tukunyar ruwan zafi, ko dai ta sama ko ta gefe, ta nutse cikin ruwa. Yawancinsu kilowat 3 ne. A gefen sandar akwai wani siririn bututu mai toshe a ƙarshe, kamar kube. Cikin wannan kuben ake zura tsinken tamostat. Ruwa ba ya shiga kuben, shi ya sa za ka iya zare tamostat ka canza ba tare da ka zubar da ruwan tukunya ba.

Aikin tamostat bai wuce haɗawa da rabawa ba. Ruwa ya huce, wasu ƙananan ƙarafa biyu a cikinsa su haɗu, wuta ta wuce. Ruwa ya kai zafin da aka saita, su rabu. Kowace rabuwa da ɗan tartsatsi take zuwa, domin amp 13 ba ƙaramar wuta ba ce. Shekara goma, shekara ashirin ana haka, fuskar ƙarafan tana cinyewa, wata rana sai su narke su manne da juna kamar an yi musu walda. Daga ranar babu sauran rabuwa.

Yi lissafin da kanka. Tukunya mai lita 120, a ɗaga zafinta daga digiri 60 zuwa 100, tana buƙatar kusan kilowat-awa 5.6. Hita mai kilowat 3 za ta gama wannan kafin awa biyu. Mutanen gida sun kwanta ƙarfe goma, kafin tsakar dare ruwa ya fara tafasa, kuma akwai sauran awa shida ko bakwai kafin wani ya farka.

Saboda haka ne ƙa'idar BS EN 60335-2-73 ta ce kowace hita ta kasance da kariya ta biyu mai zaman kanta, wadda za ta yanke wuta kafin ruwa ya wuce digiri 98, kuma in ta yanke ba za ta mayar da kanta ba sai mutum ya zo ya sa hannu. Tun 2004 sababbin hitoci da wannan kariya suke fitowa. Amma gidaje masu tsofaffin tukwane suna nan birjik, kuma hita takan daɗe ƙwarai in ruwan yankin ba mai farar ƙasa ba ne.

Ka fara da baki kafin sukundireba

Kafin ka sauke jakar kayan aiki, zauna da mutanen gida minti biyar. Su ne ke kwana da tukunyar. Tambayoyi huɗu nake yi, kuma alamomin da HSE ta lissafa ne. Ruwan famfon zafi yana fitowa da zafin da ya wuce misali, har da tururi? Kuna jin tukunya tana gurnani ko ɓurɓuri, musamman da dare? Famfon ruwan sanyi na banɗaki ya taɓa fitar da ruwa mai ɗumi? Akwai damshi ko tabon ruwa a silin, ko warin tururi a sama?

Tambaya ta uku ita ce mai nauyi. A tsofaffin gidajen nan, famfon sanyi na banɗaki daga tankin sama yake sha. In ya zo da ɗumi, to ruwan zafi yana kwarara cikin tankin.

Akwai wata rana da na je gidan wata dattijuwa 'yar garinmu da ke zaune da 'yarta da jikoki. Na ce, "Hajiya, famfon sanyin banɗaki yakan zo muku da ɗumi?" Ta ce, "Ai ɗana, wannan gida Allah ya yi masa albarka. Da asuba ko ban buɗe na zafi ba, ruwan alwala da ɗuminsa yake zuwa." Gabana ya faɗi. Ban ce komai ba tukuna, na je na kashe makunnin hitar, na ɗauko tsani. Da na ɗaga ƙofar silin, iska mai ɗumi da damshi ce ta fara bugun fuskata. Katakon rufin da ke saman tankin ya yi baƙi, ɗigon ruwa na rataye a jikinsa, gefen tankin kuma ya ɗan kumbura waje ɗaya. Ɗakin da ke ƙarƙashinsa na yaran ne. Na sauko na ce, "Hajiya, yau a tafasa ruwa a buta, kada kowa ya taɓa wannan makunni sai na dawo gobe." Ta dube ni ta ce, "To ɗana, yadda ka ce."

Kashe wuta, ka tabbatar ta mutu

Nemo birekan da ke ba hitar wuta. A sababbin akwatuna yawanci mai amp 16 ne, a tsofaffi kuma fis mai amp 15. Kada ka amince da rubutun da ke jikin akwati, sau da yawa an canza wayarin ba a canza rubutu ba. Kashe, sa kwaɗo, jefa makulli a aljihunka. Ɗauko testa mai baki biyu, ka fara gwada ta a wurin da ka san akwai wuta domin ka tabbatar tana aiki. Sannan ka gwada a hitar: wayar wuta da nutural, wayar wuta da wayar ƙasa, nutural da wayar ƙasa. Ka sake komawa ka gwada testar a wuri mai wuta. Sukundireba mai ɗan ƙwai a gindi ba ta isa wannan aiki ba.

Akwai tarko a nan da ya kamata in tsaya a kai. Gidaje da yawa suna da hita biyu a tukunya ɗaya, ta sama da ta ƙasa. Ta ƙasan tana kan layin wuta mai rahusa na dare, tsarin da ake kira Economy 7, kuma sau da yawa akwatinta daban ne. Da rana ka gwada ka ga babu wuta, ka saki jiki, alhali layin nan agogo yake jira. Haka hitar da ke bayan na'urar ƙidayar lokaci, haka wadda ke shan rarar wutar sola. Rashin wuta a lokacin da ka gwada bai nuna ka kashe ta ba. Bi wayar har asalinta ka kulle a can. Abokan aikina na Kano da Kaduna sun san wannan tarko da wata fuskar: an ɗauke wuta, mutum ya buɗe hita yana aiki, sai a dawo da ita, ko wani ya tayar da janareta ya juya canji.

Duba da ido

Tun kafin ka kwance murfin, dubi kewayensa. Tukunyar takan zauna cikin ɗan kabad da mutane ke jibga tawul da zanen gado. In an lulluɓe kan hitar da kaya ko da rigar da ake sa wa tukunya don riƙe zafi, zafi yana taruwa a wurin yana dafa wayoyi. Murfin yana nan kuwa? An ɗaure shi? Na sha tarar da hita ba murfi, bakin wayoyi a fili, daidai tsayin hannun yaro.

Dubi wayar da ta taso daga makunni zuwa hita. Dole ta zama mai jure zafi. Lanƙwasa ta kaɗan tsakanin yatsunka. In ta yi tauri, ko ta yi tsattsage, ko robar tana marmashewa, ta gama yayi. Makunnin ya kamata ya zama mai yanke waya biyu lokaci guda, mai amp 20, kuma tukunyar da ta wuce lita 15 tana son layinta na kanta. Hitar da aka maƙala wa fulogi aka soka a soket abin rubutawa ce. Zare fulogin ka duba, da wuya ka rasa tabon ƙuna kusa da fis.

Yanzu kwance notin ka ɗaga murfin. Kafin ka taɓa komai, sunsuna. Ƙaurin robar da ta daɗe tana cin zafi ba ya ɓuya. Haska tocila a kan kowane baki da waya ta shiga. Launin ruwan ƙasa ko baƙi a jikin roba, jan ƙarfen da ya dushe, sukurun da ke juyawa ba wahala, duk alamun haɗin da ya saki ne. Ja kowace waya a hankali. Nemo inda wayar ƙasa ta ɗauru a jikin ƙarfen hitar, ka tabbatar ba tsatsa ce ke riƙe da ita ba. Dubi gindin hitar inda ta haɗu da tukunya: farin gari ko koren tabo yana nufin ruwa na tsattsafowa.

Sai babbar tambaya: akwai kariya ta biyu ko babu?

A kan tamostat za ka ga ɗan faifan saita zafi mai lambobi. Nemi wani ɗan maɓalli daban kusa da shi, yawanci ja ko baƙi, wani lokaci a nutse cikin rami ƙanƙane da sai da tsinke ake kai masa. In ka gan shi, to akwai kariya mai dannawa. Wasu hitocin kuma kariyar tasu daban take zaune, ka ga waya ta fita daga tamostat ta shiga wani ɗan akwati kafin ta kai sandar.

Amma kada ka yi saurin yanke hukunci don ba ka ga maɓalli ba. Akwai tamostat masu kariyar da sau ɗaya take aiki: in ta yanke ta yanke kenan, sai dai a canza duka, kuma irin waɗannan ba su da abin dannawa. Karanta rubutun da ke jikinsa da na murfin. Lambar ƙa'idar nan, ko sunan kamfani da lambar samfuri, za su kai ka ga amsa. In rubutun ya goge, ba maɓalli, ba wata shaida, ni dai ina ɗaukarsa a matsayin wanda ba shi da kariya. Kuɗin sabon tamostat bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, babu dalilin yin caca a kai.

Zare tamostat ɗin daga kubensa ka duba tsinken. Ya miƙe? Ya shige har ƙarshe, ko rabinsa na waje? Tsayinsa ya dace da sandar? Abin da aka saba, sanda mai inci 11 tana tafiya da tsinke mai inci 7, mai inci 14 da tsinke mai inci 11, doguwar mai inci 27 da ake sakawa ta sama kuma da tsinke mai inci 18. Tsinken da bai zauna daidai a kube ba zafin iska yake ji maimakon na ruwa, don haka zai yi jinkirin yankewa ko ya ƙi gaba ɗaya.

Mafi muni shi ne ka tarar an tsallake. Wani ya gaji da kariyar da ke yawan faɗuwa, sai ya ɗauki guntuwar waya ya haɗa bakin shiga da bakin fita. Bi kowace waya da yatsa ka ga wuta ta ina take bi. In ta isa sandar ba tare da ta ratsa tamostat da kariyar ba, wannan hita ba za ta sake kunnuwa ba sai an gyara.

Awo, wuta a kashe

Cire wayoyi daga bakin sandar ka auna ta da mita. Sanda mai kilowat 3 za ta ba ka tsakanin om 17 da 20. Lissafin mai sauƙi ne: bolt sau bolt, a raba da wat. Bolt 240 ya ba da 19.2, bolt 230 ya ba da 17.6. In mita ta nuna a buɗe, sandar ta tsinke.

Sai mega, wato mitar da ke gwada ko wuta na zurarewa daga waya zuwa jikin ƙarfe. Sa ta a bolt 500, ka gwada tsakanin bakin sandar da jikin ƙarfenta. Kafin nan ka ware na'urar ƙidayar lokaci da ta sola, domin bolt 500 zai lalata su. BS 7671, littafin ƙa'idar wayarin na Birtaniya, ta sa megom 1, wato om miliyan ɗaya, a matsayin mafi ƙanƙantar abin karɓa ga layi, amma lafiyayyiyar sanda takan ba da ninkin wannan sau da yawa. Sandar da ke kusa da iyaka ta fara shan ruwa ta wata 'yar tsaga, kuma ita ce gobe za ta riƙa kayar da RCD.

Auna wayar ƙasa daga akwati har jikin hitar kanta, kan ƙarfen tagullar, ba a makunni kawai ba.

Tamostat ɗin kuma, sa mita a bakinsa biyu. Yana sanyi ya kamata ya nuna a haɗe. Idan tukunyar na da ruwan zafi, mayar da shi kube, ba shi 'yan mintoci, sannan ka juya faifan ƙasa a hankali. Za ka ji ɗan ƙas, mita ta nuna ya rabu. Ka juya sama, ya sake haɗewa. Wanda ka juya har ƙarshe bai yi ƙas ba alhali ruwa na da zafi, ya manne.

Gwaji da wuta

Mayar da komai, ɗaure, rufe murfi, sannan ka kunna. Auna Zs a ƙarshen layin, wato juriyar hanyar da wuta ke bi ta wayar ƙasa ta koma in an samu matsala. Ga bireka nau'in B mai amp 16, iyakar da ke cikin littafi om 2.73 ce, kuma da yake waya a sanyi ake aunawa, abin da ka samu bai kamata ya wuce kusan 2.2 ba. In akwai RCD mai miliamp 30, ya faɗi cikin milisakan 300.

Maƙala mitar da ke cafke waya ka ga abin da hitar ke ja, amp 12 zuwa 13. Bar ta tana aiki ka ci gaba da sauran ɗakuna. Wannan shi ya sa nake fara binciken gida da hita, domin ta samu lokacin kai zafinta kafin in gama. Da ka dawo ka ga allura ta sauka sifiri da kanta, tamostat ya yanke. Buɗe famfon zafi mafi kusa da tukunya, bar shi ya zuba minti guda, sa ma'aunin zafi. In faifai na kan 60 ruwa kuma ya fito 75, lambobin faifan ƙarya suke yi, a canza.

Digiri 60 ake so. Mutane sukan roƙe ni in rage musu zuwa 45 don kuɗin wuta, nakan ƙi. Ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, kuma shaƙar feshinta a shawa yana kawo ciwon huhu mai tsanani. A digiri 60 mutuwa take yi. In kuma aka haura 65, farar ƙasa irin ta gindin butar shayi tana saurin daskarewa a jikin sanda, ga haɗarin ƙuna. Ko a 60 ɗin ma fatar yaro ba ta jure daƙiƙa kaɗan. Gidan da ke da yara ko tsofaffi, maganin shi ne mai gyaran famfo ya sa bawul mai gauraya ruwa a bakin baho, tukunya kuma ta zauna a 60.

Kariyar ta biyu ba a gwada ta ta hanyar tsallake tamostat a bar ruwa ya tafasa. Kada ka yi haka a gidan mutane. Abin da za ka tabbatar shi ne tana nan, tana kan hanyar wuta, ba a taɓa ta ba.

Hau sama

Wasu abokan aiki sukan ce tanki aikin mai famfo ne. Gaskiya ne gyaransa ba namu ba ne. Amma ba za ka iya sanin nauyin abin da ka gani a ƙasa ba sai ka san abin da ke sama, don haka ɗauko tsani.

Tankin na roba ne ko na ƙarfe? In na roba ne, a kan me yake zaune? Ya kamata gindinsa duka ya kwanta a kan faffaɗan katako mai kauri wanda ya fi shi faɗi. Tankin da aka ɗora a kan sanduna biyu, ko a kan guntun katakon da gefensa ya zarce, shi ne ke lotsawa in ya sha zafi. Roba mai sanyi tana da ƙarfi, mai zafi kuwa kamar ƙosai a mai take. Shafa jikinsa da bayan hannu, ya kamata ka ji sanyi. Nemo bututun numfashi, wanda ya taso daga saman tukunya ya lanƙwaso kan tankin. Bakinsa ya zama a buɗe, ba a toshe ba, ba a nutse cikin ruwa ba, babu bawul a hanyarsa. Farin tabo a bakinsa ko a murfin tanki shaida ce cewa ya saba amai. Sannan ka tsaya ka lura: wane ɗaki ne ke ƙarƙashin wannan tanki?

Tukunya mai matsi

Sababbin gidaje da yawa ba su da tanki a sama. Tukunyar rufaffiya ce, kai tsaye take sha daga layin ruwa. Haɗarinta daban ne. Ruwan da ke cikin matsi yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, in kuma tukunyar ta tsage sai ya rikiɗe tururi nan take, girmansa ya ninka kusan sau 1,600. Wannan yana iya rushe bango. Don haka ake jera mata kariya uku: tamostat, mai yanke wuta da ba ya mayar da kansa, sai bawul mai buɗewa da zafi ko matsi a wajen digiri 90 zuwa 95. A Ingila sashe na G3 na dokokin gini ne ke kula da su, kuma sai mai takardar wannan aiki ke taɓa ɓangaren ruwansu. Naka shi ne ka duba ɓangaren wuta kamar yadda aka bayyana, ka leƙa ɗan mazurarin da ke kan bututun zubarwa ko yana ɗiga, kuma kada ka taɓa sa mata tamostat ɗin da ba wanda kamfaninta ya tanada ba.

Hitar bango da ke banɗakunan gida Najeriya, mai lita 15 ko 30 ko 50, 'yar wannan dangi ce. Sanda, kube, tamostat mai ɗan maɓalli, duk iri ɗaya ne, sai dai ƙarfin ya fi ƙanƙanta: mai wat 1,500 za ta ba ka kusan om 35. A bututun shigar ruwan sanyinta akwai ɗan bawul mai hanci da ke ɗiga in ruwa ya yi zafi. Ɗigar nan aikinsa ne. Wanda ya toshe hancin don ya hana jiƙa bango, sannan wani ya zo lokacin hunturu ya tsallake tamostat don ruwa ya fi zafi, sun haɗu sun cire kariya duka biyu. In kana duba irin wannan hita, ka ɗaga ɗan hannun bawul ɗin ka ga ruwa ya fito, ka kuma auna wayar ƙasa da gaske, domin mutum a jiƙe yake tsayawa ƙarƙashinta.

Abin da za ka rubuta

Rahoton EICR yana da alamomi huɗu: C1 haɗari na nan take, C2 abin da zai iya zama haɗari, C3 shawarar ingantawa, FI a ƙara bincike. Jagorar da ƙungiyar Electrical Safety First ta fitar ta sa hitar da ba ta da kariya ta biyu, tankinta kuma na roba, a C2. C2 guda ɗaya ta isa ta sa rahoto ya faɗi, kuma mai gidan haya yana da kwana 28 ya gyara, ko ƙasa da haka in rahoton ya faɗa. In tankin ƙarfe ne nakan rubuta C3, amma in gaya wa mai gida baki da baki ya canza. Murfin da ya ɓace har ana iya taɓa waya mai wuta C1 ne, ba a barinsa haka a fita. Tamostat da ya manne, ko wanda aka tsallake, ba na jiran takarda: da izinin mai gida nake cire wayar daga makunni, in rufe bakinta, in liƙa gargaɗi, in ɗauki hoto.

Rubuta abin da ka gani dalla-dalla. "Hita ba ta da kariyar zafi ta biyu, tankin sama na roba ne, yana kan sanduna biyu, ɗakin kwana na ƙarƙashinsa" ya fi "a duba hita" amfani nesa ba kusa ba. In ba ka samu hawa sama ba saboda an kulle ko ba hanya, rubuta hakan a fili a wurin iyakokin bincike.

Canjin kansa aikin minti ashirin ne: kashe wuta ka kulle, ɗauki hoton yadda wayoyi suke, zare tsohon, zura sabo mai tsayi ɗaya har ƙarshen kube, ɗaure, saita 60, rufe. In bakin sandar ya ƙone ko mega ta nuna ta sha ruwa, to hitar duka za a canza, wannan kuma sai an rage ruwan tukunya.

Saura maɓallin nan. Kafin ka fita, nuna wa mutanen gida inda makunnin hita yake, ka gaya musu in ruwan zafi ya ɗauke kada su sa wani ya buɗe murfi ya danna. Kariyar ba ta faɗuwa banza. Ko dai tamostat ya fara mannewa, ko farar ƙasa ta lulluɓe sanda da kube, ko kuma wata hanyar dumama, kamar injin dumama ruwa mai amfani da gas ko murhun itace da ke haɗe da tukunyar, tana kai ruwan zafin da ya wuce ƙima. A gano wanne ne cikin ukun, a gyara, sannan a danna.